Yadda Za Ka Fara Karanta Waƙoƙin Tua Forsström

Abu na farko da ya kamata ka sani shi ne, Tua Forsström 'yar ƙasar Finlan ce, amma da harshen Suwidin take rubutu, domin ta fito daga cikin tsirarun da suka tashi da wannan harshe, waɗanda su ne kimanin kashi 5 cikin 100 na mutanen ƙasar. An haife ta a garin Porvoo a 1947, littafinta na farko kuma ya fito a 1972.

A ganina, bai kamata ka fara da wancan na farkon ba. Ka nemi Efter att ha tillbringat en natt bland hästar, wato "Bayan Kwana Cikin Dawaki", wanda ya fito a 1997, ya kuma jawo mata lambar yabon adabi ta Majalisar Ƙasashen Arewacin Turai a 1998. Idan ba ka jin harshen Suwidin, David McDuff ya fassara littattafanta da dama zuwa Turanci, kamfanin Bloodaxe na Ingila ya buga su.

Da ka buɗe littafin, ka ajiye neman amsa-amo da kari, don ba a kansu ta gina waƙarta ba. Ka karanta shi gaba ɗaya a zama ɗaya, ko da akwai wuraren da suka shige maka duhu, sannan ka sake komawa da fensir a hannu, kana sa alama duk inda dusar ƙanƙara, ko ruwa, ko doki, ko yaro ya sake bayyana. A nan aikin yake. Abin da ta ambata a taƙaice a wata waƙa, sai ka tarar ya dawo a gaba ɗauke da wani nauyi, har ka gane cewa waƙoƙin zance suke da junansu. Inda ta yi magana da darektan fim na Rasha Andrei Tarkovsky, kada ka tsaya bincike tun a karon farko, wannan zai jira.

Littafinta Anteckningar na 2018, wanda ta rubuta bayan rasuwar jikarta, ka bar shi sai kunnenka ya saba da muryarta, domin kalmominsa kaɗan ne ƙwarai, kuma mai gaggawa zai wuce su bai ji komai ba. Shekara guda bayan fitowarsa aka zaɓe ta a kujera ta 18 ta Majalisar Adabin Suwidin, wadda ke zaɓen wanda za a ba kyautar Nobel ta adabi.