Yadda za ka gyara tsohon jirgi mai filafili ya zama wajen zama a Bahar Maliya

Salam 'yan uwa na Bor Sudan da Sawakin, da ku na tsallake a Jidda. Wannan bayanin na wanda ya samu tsohon markab ne mai filafili, irin na faiba ɗin nan, wato zaren gilas da aka haɗa da danƙo, mai tsawon mita 9 zuwa 12, yana so ya gyara shi ya koma ciki da zama. Shawarata tun farko, kuɗinka ya fara aiki daga ƙasan jirgi ya hauro sama, katifa da labule da fentin ɗaki su jira sai ƙarshe, don su ne ke fara jan ido amma ba su ke hana ruwa shiga ba.

Toh abu na farko a fitar da jirgin daga ruwa, kar ka yarda da maganar mai sayarwa cewa ƙasan lafiya lau, sai idonka ya gani. A kankare ƙwanso da gansakuka a wanke da ruwan daɗi a bar shi ya sha iska, sannan ka ɗauki ƙaramar guduma kana ƙwanƙwasa jikin a hankali daga gaba har baya, inda yake lafiya za ka ji ƙara tsaf, inda faiba ta rabu ko ta sha ruwa sai ka ji sautin ya mutu, ka zagaye wurin da alli. In ka ga ƙuraje sun taso a jikin, ka huda ɗaya ruwa mai warin khal, wato warin tsami, ya fito, to ruwa ya ratsa faibar, sai an buɗe su an wanke an bar su sun bushe sosai kafin a cike da ifoksi, danƙon nan mai ƙarfi da ruwa ba ya ratsawa, kuma bushewar nan tana cin makonni, gaggawa a nan asara ce. Ka leƙa notinan da ke riƙe da ƙarfen nauyi na ƙasan jirgin, ka girgiza daffa, wato allon da ke juya akalar jirgi a cikin ruwa, ka ji ko tana wasa.

Yanzu wurin da nafi so ka tsaya, ramukan da ke ƙasan layin ruwa. Kowane jirgi akwai su, na ruwan sanyaya inji, na bayi, na wurin wanke-wanke, kuma kowanne da bawul a bakinsa. Ka ƙirga su ka san inda kowanne yake har ka iya kai hannu cikin duhu. Wanda ya ƙi juyawa a canza, wanda ka kankare ka ga ƙarfen ya koma ja-ja yana marmashewa shima a canza, kuma don Allah kar usta ya ɗauko maka bawul ɗin famfon gida daga suk ya ɗaura, gishiri zai cinye shi ta ciki ba ka sani ba, a nemo wanda aka yi don teku. Kowane tiyo a ɗaure shi da kilif biyu, kuma kusa da kowane rami ka rataye ɗan turken katako mai tsini da za ka buga in bawul ya karye. Tekun nan namu gishirinsa ya kai wajen giram 40 a lita, alhali yawancin tekuna wajen 35 ne, ga ɗumin ruwa, shi yasa tsatsa da ƙwanso suke saurin kama jirgi a nan. Ka sa sabbin dunƙulen zinki a sandar farfela, su ake so gishiri ya ci a maimakon ƙarfen jirgi, kuma ba a shafa musu fenti. Daga nan sai fentin hana ƙwanso shafi biyu.

In an gama da ƙasa sai sari, wato doguwar sandar da ke ɗauke da filafili, da wayoyin da ke riƙe shi. Wayar da ta wuce shekara 10 ko ba ka san shekarunta ba, canza ta kawai. Silin waya guda ya tsinke ko ka ga tsaga a bakin da aka matse, magana ta ƙare. Ƙarafan da wayoyin ke kamawa a jikin jirgi suna ruɓewa ne daidai inda suka ratsa dakali, wato saman jirgin da ake takawa, wurin da ido baya gani, sai an zare an duba. Filafilin kuma rana ke kashe shi, ka ja ɗinkin da farce, in zaren ya tsinke a sake ɗinki, ka ɗinka masa riga da zai rinƙa kwana ciki. Ka tabbata kana iya rage shi mataki biyu ko uku kai kaɗai, saboda daga Bor Sudan zuwa arewa iska yawancin shekara daga arewa take busowa kuma tana tashi da ƙarfi, duk mai nufin hawa sama da ita zai yi ta fama.

Inji ba sai na daɗe ba, makanikin dizal ya san aikinsa. Abinda zan ƙara, a buɗe tankin jaz, wato man dizal, a kwashe dattin da ya kwanta a gindi, ka ajiye filta da bel da robar famfon ruwan sanyi fiye da ɗaya, don kayan jirgi irin wannan ba kullum ake samu a gari ba, sau da yawa sai ɗan uwa ya turo daga Jidda.

Anka kuwa kar ka yi mata rowa, wanda ke zaune a jirgi akanta yake kwana. Gaɓarmu cike take da sha'ab, wato duwatsun murjani na ƙarƙashin ruwa, murjani yana yanke igiya cikin dare ɗaya, don haka sarƙa za ka saya, mai kauri milimita 8 ta isa jirgi mai mita 10, ka samu kamar mita 60, da anka ta biyu a ajiye. Ƙa'ida ita ce ka saki sarƙa ninki biyar na zurfin ruwa, zurfin mita 5 sarƙa mita 25, ka jefa a kan yashi inda ruwa yayi fari-fari, kar ka jefa kan murjani kana lalata abinda ya ɗau shekaru aru-aru yana girma. Sanganeb da Dungunab, wuraren murjani biyu a tekun Sudan, tun 2016 suna cikin wuraren da UNESCO ta sa a jerin kayan gadon duniya, a kiyaye. Shiga marsa, wato lungun gaɓa da jirgi ke fakewa, kuma da hantsi zuwa azahar ake yi, rana a sama ko a bayanka, mutum ɗaya a goshin jirgi yana kallon launin ruwa, taswirar waya kaɗai bata isa ba.

Sai zaman kansa. Duk wanda yayi bazara a Bor Sudan ya san zafin da ke wuce digiri 40 ga gumi, cikin jirgin faiba a rufe kamar tanderu yake. Ka ɗinka rumfar tamfol mai haske da zata rufe dakali tun daga sari har baya, da ɗan mazurarin yadi a bakin tagar gaba mai kamo iska ya tura ta ciki, da ƙananan fanka na bolt 12 a wurin kwana. Sola wat 300 zuwa 400 zata riƙe fitilu da fanka da caji da ƙaramin firji, firjin shi ne mai shan wuta, ka ƙara masa abin tare zafi a jiki. Batirin inji daban na gida daban, fiyus kusa da batir, tsofaffin wayoyin da suka yi kore a zare su.

Ruwan sha shi zai yanke maka kwana nawa zaka yi nesa da gari, kuma mun ga wahalarsa ko a tudu bayan da madatsar Arba'at mai ba Bor Sudan ruwa ta fashe a Agustan 2024. Ka lissafa lita 10 zuwa 15 kowane mutum a rana, ka raba ruwan tsakanin tanki da jarkoki yadda in ɗaya ya lalace ba duka ka rasa ba. Alwala da ruwan teku ta halatta, hadisi ya tabbatar da tsarkinsa, wanke-wanke ma da shi sai ɗauraya da na daɗi. Alƙibla daga Bor Sudan arewa maso gabas take, amma jirgi yana juyawa akan anka, ka duba kamfas kafin kowace sallah.

Tukunyar gas ina roƙonka kar ta kwana cikin ɗaki. Gas yafi iska nauyi, in ya zuba gangarawa yake ya taru a ƙasan jirgi yana jiran tartsatsi, a yi mata akwati a waje mai rami a gindi da ke zubarwa teku, kana gama shayi ka rufe daga kan tukunyar. Famfon kwashe ruwa biyu, na lantarki da na hannu, abin kashe gobara biyu, rigar ceto ta kowa har yara daidai jikinsu, da rediyon VHF a tasha ta 16.

Takardu kuma, tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 harkar tsaro a gaɓa ta ƙara tsanani, kar ka motsa daga tasha sai da izinin hukuma a hannu, kuma ka gaya wa wani a tudu inda ka nufa da ranar dawowa. Kafin ka kwaso iyali, kai da wani ra'is, wato matuƙin jirgi, da ya san ruwan ku yi mako guda a marsa mafi kusa, ku dafa ku kwana ku yi amfani da komai, ka riƙe littafi kana rubuta duk abinda ya ɗiga ko ya ƙi aiki da litar ruwan da ta tafi kowace rana, in kun dawo ka bi su ɗaya bayan ɗaya.