Yadda Ake Koyar da Ɗalibai Alaƙar Haƙar Ma'adinai da Unguwarsu a Kumasi

Yaron unguwar Aboabo ko Asawase a Kumasi, ƙasar Gana, zai iya haddace cewa akwai zinariya a Obuasi, manganis a Nsuta, lu'ulu'u a Akwatia, ya ci jarrabawa, amma bai san abin ya taɓa famfon gidansu ba. Wannan darasi na kwana huɗu ne, minti 40 kowace rana, kuma daga gida yake farawa kafin a je ga taswira.

Rana ta farko kowane ɗalibi ya kawo abu ɗaya daga gida: tukunyar alminiyom, tsohon batirin tocila, gishiri, ƙusa. Ban da ɗan kunnen gwal na uwa, kada ya ɓata a shiga uku. A jera kayan a tebur, a tambayi asalin kowanne. Alminiyom daga dutsen boksait yake, irin wanda ake haƙa a Awaso. Baƙin garin cikin batiri akwai manganis, amma kada a bari yara su fasa shi. Gishirin teku kuwa ana kwasarsa a Ada. Malam ya yi hattara kada ya ce lallai wannan tukunya daga Awaso ta fito, don yawancin masu zubin tukwane tsofaffin ƙarafa suke narkarwa.

Rana ta biyu a zana taswira a allo, Kumasi a tsakiya, Obuasi wajen kilomita 60 a kudu, inda kamfanin Ashanti Goldfields ya kafu a 1897. Sannan a ja kogin Offin da shuɗin alli, a sa alamar madatsar Barekese a kansa, wadda ita da madatsar Owabi suke shayar da birnin. A bi Offin da yatsa ta Dunkwa, inda galamse, wato haƙar zinariya ba izini, ya yi ƙamari, har kogin ya faɗa kogin Pra.

Rana ta uku ce ta wankin yashi, kuma ita ta fi son shiri. Kowane rukuni na yara biyar yana buƙatar faranti mai ɗan zurfi, baho, bokitin ruwa, kofi biyu na yashi haɗe da jar ƙasa, cokali ɗaya na garin ƙarfe daga wurin mai walda, da maganaɗisu a cikin leda. Garin ƙarfen ne a madadin zinariya. A cuɗa shi da yashin, a nutsa farantin cikin baho, a girgiza hagu da dama don mai nauyi ya sauka, sannan a karkata kaɗan ruwa ya kwashe na sama. Zinariya ta fi ruwa nauyi sau 19, ƙarfe kusan sau 8, yashi bai kai sau 3 ba, wannan bambanci shi ne asirin sana'ar gaba ɗaya. Masu gaggawa za su karkata da yawa ƙarfen ya bi ruwa, sai a lalubo shi da maganaɗisu a sake. Idan garin yana yawo a sama, akwai man inji a jikinsa, ɗigon sabulun ruwa ɗaya zai nutsar da shi.

Kada a zubar da ruwan bahon. A sa yara su duba ɗan abin da ya rage a faranti, su duba jan ruwan da suka bari, su ƙirga kofi nawa suka ɓata. Sai malam ya kawo maganar injin canfan da ke wuni yana wanke ƙasa a tsakiyar kogi.

Rana ta huɗu a cika gorar roba biyu masu lita ɗaya da rabi da wannan ruwa. A narkar da alif kamar ƙwayar masara a rabin kofi, a zuba cokali biyu a gora ɗaya, a jijjiga da ƙarfi rabin minti, a juya a hankali minti uku, a ajiye. Cikin rabin awa laka za ta dunƙule ta kwanta, ɗaya gorar tana nan ja. Idan bai kwanta ba a ƙara cokali ɗaya kawai, domin alif in ya yi yawa ba ya aiki. Haka kamfanin ruwa yake yi, kuma gwargwadon laka gwargwadon kuɗin magani.

A nan ne darasi kan karkace, yara su ɗauka ruwa in ya yi garau ya zama na sha. Don haka a narkar da gishiri cokali uku a kofin ruwa mai tsabta, a ɗiga a baƙar leda, a shanya a rana. Farin da zai bayyana yana nuna ruwa na ɓoye abin da ido ba ya gani. Zaiba, wato makurin da masu galamse ke kama zinariya da shi su ƙona, yana lahanta ƙwaƙwalwa da ƙoda, yana taruwa a jikin kifi, tafasa ruwa kuma ba ta kawar da shi. Babu mai ɗanɗana ruwan gwaji, babu kawo zaiba aji.

Akwai yaran da kuɗin makarantarsu daga rami yake fitowa, babansu ko yayansu yana can daji. Malamin da ya ce masu galamse ɓarayi ne ya rasa waɗannan yara, alhali su suka fi kowa sanin zancen. Gara ya bambanta musu: doka ta halatta ƙaramin haƙa mai lasisi ga ɗan Gana tun 1989, abin da ta hana shi ne haƙa ba izini. Kuma kada a kai yara bakin rami da sunan ziyara, gefensa kan rufta, ruwan ciki ya fi yadda ake zato zurfi.

Aikin gida: kowa ya tambayi babba ɗaya, kaka ko mai sayar da kifi ko maƙerin zobe a kasuwar Kejetia, me ya canza a ruwa, kifi ko farashin gwal tun tasowarsa, ya rubuto layi goma ba tare da sunan mutumin ba.