Yadda na shawo kan tarwatsewar zanen DNA a oxDNA

Kwana uku na yi a ɗakina da ke Aboabo, nan Kumasi, ina fama da abu guda. Na zana ƙaramin akwati mai murfi na DNA a caDNAno, manhajar zana siffofi da zaren DNA, da dogon zaren DNA mai suna M13mp18 mai nukiliyotaid (tubalan da ke haɗuwa su zama zaren) 7249, na juya fayil ɗin da manhajar tacoxDNA zuwa tsarin da oxDNA, manhajar kwaikwayon motsin DNA a kwamfuta, ke karantawa, amma da zarar na kunna oxDNA sai ta tsaya, ta ce wani haɗin ƙashin bayan zaren ya miƙe fiye da kima.

Da farko na zargi jerin haruffan DNA ɗin, na sake zuba su. Babu canji.

Sai da na buɗe siffar a oxView, manhajar kallo da gyara siffofin oxDNA, na gane bakin zaren. caDNAno a jere take zana dukkan zarurrukan, suna fuskantar hanya ɗaya, don haka murfin ya faɗo can nesa da akwatin, haɗin da ke tsakaninsu ya yi tsawo kamar igiyar shanya. Na kama murfin da linzamin kwamfuta, na jawo shi kusa, na juya shi har ya fuskanci mazauninsa.

Daga nan ban yi gaggawa ba. Na sa iyaka ga ƙarfin jan ƙashin bayan da saitin max_backbone_force na oxDNA, na fara da Monte Carlo (hanyar gwada ƙananan motsi na kai-tsaye ba tsari, ana karɓar wasu ana ƙin wasu) don raba nukiliyotaid ɗin da suka hau kan juna, sannan gajeren zagaye na MD (molecular dynamics, lissafin motsin nukiliyotaid ɗin taku-taku cikin lokaci) da ƙaramin taku. Wannan matakin ne na tsallake tun farko, kuma a ganina shi ne ginshiƙin aikin.

Bayan sallar isha'i na cire iyakar, na sake kunnawa. Akwatin ya tsaya cak, murfin na ɗan lilo a maƙalarsa.