Yadda ake lissafin sau nawa tsagar ƙasa ɗaya ke yin girgiza

Duk sanda aka yi babbar girgizar ƙasa irin ta Turkiyya ta 6 ga Fabrairu 2023 mai maki 7.8, sai ka ji ana ta cewa "ai dama lokacinta ya yi". To ta ina suka sani? Ga yadda ake lissafin, kuma kai ma da kalkuletar wayarka za ka iya gwadawa.

Fara zaɓar tsaga guda ɗaya, wato inda dutsen ƙarƙashin ƙasa ya rabu biyu ɓangarorin suna gogar juna, kamar San Andreas ta Kalifoniya. Shiga shafin USGS, hukumar binciken ƙasa ta Amurka, kyauta ne, ka sauke jerin girgizar da aka yi a wajen, ka ware su maki-maki. Za ka ga abin da Gutenberg da Richter suka gani tun 1944, duk maki ɗaya da ka hau yawan girgiza na raguwa kusan ninki goma, idan mai maki 4 guda 100 ce to mai maki 5 wajen 10, mai maki 6 ɗaya tak. Amma ƙarfin da ke fita kuma yana ninkuwa wajen sau 32 a duk maki ɗaya, shi ya sa masu cewa ƙananan girgiza na "rage wa ƙasa nauyi" gaskiya ba su yi lissafi ba.

Sai dai fa a nan rigimar take. Wannan ƙa'idar ta fi zama daidai idan yanki ne babba, a kan tsaga ɗaya kuwa, masana Schwartz da Coppersmith sun kawo a 1984 cewa wata tsagar shiru take yi, ƙananan kaɗan ne, sai can ta saki babba mai kusan girma ɗaya kowane karo, kuma har yau masana ba su gama jayayya a kai ba. Don haka kar ka tsaya a ƙirga kawai.

Nemo saurin da tsagar ke tafiya. A ce santimita 3 a shekara, kuma kowace babbar girgiza tana zame ƙasa mita 6, wato santimita 600, raba 600 da 3, shekara 200 kenan tsakani. Sannan ka duba ko an taɓa haƙa rami a kanta, don na'urorin auna girgiza ba su wuce shekara ɗari da 'yan kai ba, tarihin da ya wuce haka a cikin ƙasa ake karanta shi, kamar yadda masanin ƙasa Kerry Sieh ya yi a Pallett Creek, a kan tsagar San Andreas.

Lambar da ka samu ɗin nan matsakaici ce kawai, girgiza ba kasuwar mako ba ce da ke ci rana ɗaya. A Parkfield, wani gari a kan tsagar San Andreas, an yi mai maki 6 a 1857, 1881, 1901, 1922, 1934 da 1966, wajen duk shekara 22, masana suka ce kafin 1993 za ta dawo, aka jibge na'urori ana jira, ba ta zo ba sai Satumban 2004.

Saboda haka ka rubuta sakamakonka da kaso. Haka ake yi wa tsagar Alpine ta New Zealand, wadda ke saki wajen duk shekara 300, ta ƙarshe a 1717: binciken 2021 ya ba ta kashi 75 cikin 100 na yiwuwar babbar girgiza cikin shekara 50.