Yadda na karɓi diyyar kyamarata da aka sace

An sace mini Canon 5D Mark IV a wajen biki, kamfanin inshora kuma ya ƙi biya, wai babu lambar jikin kyamarar a rasit. Abin ya dame ni ƙwarai, da ita nake ciyar da iyalina.

Ashe mafitar na cikin tsofaffin hotunana. Canon na ajiye lambar a bayanan EXIF na kowane hoto, wato ɓoyayyun bayanan da kyamara ke rubutawa a cikin fayil ɗin hoton. Na buɗe ɗaya da ExifTool, manhajar da ke karanta waɗannan bayanai, ga ta nan ɓaro-ɓaro. Na buga ta a takarda, na haɗa da rahoton 'yan sanda, na shaida musu zan kai ƙara NAICOM, hukumar da ke kula da harkokin inshora a Najeriya, in suka ci gaba da jan ƙafa. Sun biya, bayan cire kason da yarjejeniya ta ɗora mini.