Darasi Na 9: Yadda Ake Gane Manhajar Ces Ta Iya Datse Rassa

Ku ɗauko biro da takarda, yau da ɗan lissafi za mu fara. A farkon wasan ces mai farare yana da taku 20 da zai iya yi, mai baƙaƙe ma 20, to 20 sau 20 ya ba mu 400 kenan tun ba a je ko'ina ba. A taku na uku hanyoyin sun kai 8,902, a na huɗu 197,281, kafin a kai na shida sun haura miliyan 119. A tsakiyar wasa kuwa kowane ɗan wasa yakan samu wajen taku 35 a gabansa. Tun 1950 wani masani ɗan Amurka, Claude Shannon, ya nuna cewa bin duk hanyoyin nan har ƙarshen wasa ba abu ne mai yiwuwa ba, har yau kuma babu kwamfutar da za ta iya. Masu harkar suna zana abin kamar bishiya, kowane taku reshe ne, kowane reshe kuma yana fitar da wasu rassan, shi ya sa dole a datse wasu ba tare da an leƙa su ba.

Ga yadda datsewar take. A ce manhaja tana duba taku biyu. Ta gwada na farko, ta bi duk martanin da abokin karawa zai iya yi, ta ga ko ya yi iya ƙoƙarinsa ita ce da ribar soja ɗaya. Sai ta koma na biyu, martanin farko da ta duba kawai sai ga dokinsa ya cinye mata sarauniya a banza. To me za ta tsaya nema a sauran martani 34 ɗin? Ko akwai wanda ya fi wannan muni ko babu duk ɗaya ne, takun ya riga ya faɗi, sai ta watsar da shi ta wuce. Wannan dabara ita ake kira alfa-beta, kuma daɗinta shi ne ba ta canza amsa ko kaɗan, takun da za a zaɓa in an bi komai shi ɗin dai za a zaɓa, aikin ne kawai ya ragu. Donald Knuth da Ronald Moore sun yi mata cikakken lissafi a 1975.

Nawa ne ragin? Ku rubuta 35 sau 35 sau 35 sau 35, zai ba ku 1,500,625, yawan yanayin allo da za a duba kenan a zurfin taku huɗu in ba datsewa. In kuwa alfa-beta ta yi dace ta fara da taku mafi kyau a kowane mataki, 2,449 kacal za ta duba. Ku sake kallon lambobin nan biyu da kyau. Amma fa in ta riƙa farawa da munanan taku, kusan babu abin da za ta datse, haka za ta sha wahalar miliyan ɗaya da rabin nan. Shi ya sa masu rubuta manhaja suke ɓata lokaci sosai kan jera taku, a fara gwada cin babban ɗa da ƙaramin ɗa, a fara da takun da ya yi aiki a binciken baya.

To ta yaya za a gane ko manhaja ta iya datsewa? Awo na farko mai sauƙi ne, a ba tsohuwar manhaja da sabuwa allo iri ɗaya, zurfi iri ɗaya, a ƙirga yanayin da kowacce ta duba, a kuma duba agogo don wata dabarar tana rage ƙirga amma ita kanta tana cin lokaci. Kar a yi da allo ɗaya tak, a tara da yawa, na buɗe wasa da na tsakiya da na ƙarshe. Na biyu shi ne ninki. Misali zurfi 10 ya ci yanayi 200,000, zurfi 11 ya ci 400,000, ku raba na biyu da na farko za ku samu 2, wato kowane ƙarin taku ninka aikin yake sau biyu maimakon sau 35. Da alfa-beta zalla mai kyakkyawan jeri ninkin yana sauka wajen 6, manyan manhajojin yanzu irin su Stockfish kuwa suna kaiwa 2 ko ma ƙasa. Akwai kuma masu duba sau nawa takun farko da aka gwada shi ne ya jawo datsewa, in ya kai kashi 90 cikin ɗari jerin ya yi kyau.

To ta yaya aka sauko daga 6 zuwa 2? Da datsewar kasada, kuma a nan ne ƙirga take yaudarar mutum. Akwai wadda manhaja take yi kamar ta yafe takunta ta bar abokin karawa ya taka sau biyu a jere, in duk da haka tana gaba sai ta ce reshen nan ba sai an zurfafa ba. Yawanci gaskiyarta ne, amma a ƙarshen wasa in ya rage sarki da sojoji akwai yanayin da duk takun da ka yi cutar kanka za ka yi, wanda ake kira zugzwang, a nan dabarar takan yi kuskure, shi ya sa ake kashe ta a irin wurin. Akwai kuma rage zurfin takun da ke can ƙarshen jeri. Irin waɗannan suna iya datse reshen da nasara take ciki, allo zai nuna maka zurfi 30 ka yi ta murna alhali an tsallake takun da zai kashe wasan. Ni a ganina duk wanda ya zo yana cika baki da zurfi ko saurin ƙirga kawai, ku ce masa a buga tukunna. Deep Blue ta kamfanin IBM da ta doke zakaran ces na duniya na lokacin, Garry Kasparov, a 1997 tana duba yanayi wajen miliyan 200 a daƙiƙa, Stockfish a kan kwamfutar gida ba ta kai wannan saurin ba amma ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba.

Don haka masu Stockfish suke da tsarin da suke kira Fishtest, duk wanda ya kawo sabuwar dabara sai an haɗa sabuwar manhaja da tsohuwa sun buga dubban wasanni a lokaci iri ɗaya, ana musanya farare da baƙaƙe, sannan a auna bambancin da makin Elo, wato makin da ake auna ƙarfin ɗan wasan ces da shi. Wasa goma ko ashirin ba ya nuna komai, sa'a ma tana iya ba da wannan.

Aikin gida. Wata manhaja ta duba yanayi 90,000 a zurfi 8, ta duba 270,000 a zurfi 9, nawa ne ninkinta? Bayan an yi mata gyara ninkin ya koma 2 amma a wasa 1,000 da tsohuwar ta ci 240, an cinye ta 310, saura canjaras. Ku rubuta layi biyu ko uku kan ko za ku karɓi gyaran, ku zo da shi aji na gaba.