Girman kunama ba shi ne girman dafinta ba

A Zamfara, da bazara ta kama aka fara kwana a tsakar gida, harbin kunama sai ya yawaita. Kuskuren da ya fi damuna shi ne auna haɗari da girman jiki. Ana tsoron duwu, ƙatuwar baƙar kunamar nan da kan kai santimita 20, alhali dafinta ba shi da ƙarfi sosai, da manyan hannayenta take kama abinci. Haka ma ƙatuwar kunamar hamadar Arizona ta Amurka mai gashi a jiki: tana kai santimita 14, harbinta da zafi, amma da wuya ya kashe mutum. Yawancin masu kisa suna cikin dangin da masana ke kira Buthidae, irin su Androctonus da Leiurus na Sahara da bakinta. Sau da yawa alamarsu siraran hannaye da wutsiya mai kauri. Wadda ta haɗa waɗannan biyun, komai ƙanƙantarta, a yi nesa da ita.

Wasu na ɗauka ƙwai kunama take yi. Haihuwa take, ta goya 'ya'yan a bayanta har su yi saɓar farko. Kuma 'yar'uwar gizo-gizo ce, ƙafafunta 8 ne, na ƙwaro 6.

Babbar ɓarnar tana zuwa bayan harbi. Sai a ɗaure hannu tamau da igiya, a tsaga wurin da reza, a tsotse, wani ya zuba kananzir. Babu ɗaya da ke fitar da dafi, sai dai a ƙara wa mutum ciwo a kan ciwo. A wanke wurin da sabulu, a ɗora tsumma mai sanyi, a sha Paracetamol.

Yaro kuwa ba a cewa bari gari ya waye. Jikinsa ƙarami ne, dafi na saurin kaiwa ga zuciya da huhu. Idan ya fara gumi sosai, dalalar miyau, amai ko numfashi da ƙyar, a kai shi asibiti a daren, ko daga ƙauyen Talata Mafara ne ko cikin Gusau.

Da dare kunama take farauta, da rana ta ɓuya a tsagar bango, gindin rumbu ko tarin itace. A liƙe tsaga, a nisanta itace da ɗaki, a kakkaɓe takalmi da tabarma, a riƙa fita da tocila.